Yadda ake kallon tsuntsayen ruwa masu ƙaura a tafkin Sakumono da dausayin gaɓar Ghana

Duk wanda ya taɓa hawa trotro daga Nungua zuwa Tema ta titin bakin teku ya wuce tafkin Sakumo, wanda aka fi kira da sunan unguwar Sakumono. Teku tana gefe ɗaya, tafkin yana ɗaya gefen, kuma yawancinmu ko waiwaye ba ma yi. Amma daga watan Satumba zuwa Afrilu, wannan taɓon da ake wucewa masauki ne na baƙin da suka fi duk wanda ke cikin motar nisan tafiya. Wasu daga Saiberiya suke, wasu daga Girinlan, wasu daga tsibiran Ayalan. Mu mutanen zango bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Sunan unguwanninmu ma daga wurin da ayarin fataken goro ke sauke kaya su huta ya samo asali, kuma aikin da tafkin yake yi wa tsuntsayen ke nan.

Sakumo ɗaya ne daga dausayi biyar na gaɓar Ghana da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 1992. Sauran su ne Keta, da Songor kusa da Ada, da bakin kogin Densu a yammacin Accra, da Muni-Pomadze a Winneba. Ita yarjejeniyar an ƙulla ta ne a 1971 a garin Ramsar na Iran, don kare irin waɗannan wurare. Zan ɗauki Sakumono a matsayin misali saboda ya fi sauƙin zuwa ga mutumin Ashaiman ko Nima, amma abin da zan faɗa zai yi maka aiki a duka biyar ɗin.

Fara da kalanda, ba da jaka ba

Wanda ya zo a watan Yuni zai ga balbela da zalɓe da 'yan tsirarun baƙi, ya koma gida yana cewa ƙarya ake yi masa. A lokacin yawancin masu ƙaurar suna can arewacin duniya suna ƙwai, saura 'yan shekara ɗaya da ba su isa aure ba, waɗanda sukan zauna nan su yi damina. Manyan sukan fara dawowa a ƙarshen Agusta, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a bana su biyo baya da makonni, su kaɗai, ba uwa ba uba. Daga Satumba zuwa Disamba ne wurin yake cika, domin ga waɗanda za su zauna, ga kuma masu yada zango su wuce kudu har Namibiya da Afirka ta Kudu.

Ni na fi son Nuwamba zuwa Janairu. Ruwan sama ya ɗauke, tafkin ya ja baya, taɓo ya fito fili, kuma taɓon nan shi ne akushin tsuntsayen. Matsalar hunturu ɗaya ce, hazo, wanda kan mayar da duk abin da ke nesa toka-toka. Idan kuma kana son ganin ado, ka dawo a ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da suke sauya riga kafin su tashi. Tsuntsun da ka saba gani fari-fari da toka sai ka tarar ƙirjinsa ya koma ja kamar jan bulo.

Sai ka karanta ruwa da rana

Wannan shi ne matakin da sababbi ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda ya ga ɗaruruwa da wanda ya ga goma.

Teku tana cika ta janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Wato in yau ta cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura. Ka nemi jadawalin cikar teku na tashar Tema a wayarka tun daren jiya. Idan teku ta janye, tsuntsayen rairayi sukan bazu suna kiwo, kowa da inda ya nufa. Idan ta cika ta cinye musu wurin kiwo, sai su taru wuri ɗaya su huta, a tsibiran cikin tafki ko a kan gaɓar kududdufan gishiri irin na Densu da Songor. Don koyon yadda kowanne yake cin abinci, je lokacin janyewa. Don ƙirga da kwatanta su kafaɗa da kafaɗa, ka isa awa biyu kafin cikowa ka zauna, ruwan da kansa zai koro maka su.

Cikin tafkin Sakumo kuwa lissafin ya ɗan bambanta. Wata 'yar ƙaramar mashiga ce ƙarƙashin titi ta haɗa shi da teku, don haka ruwan sama da zafin rana sun fi cikar teku iko da shi. In an yi ruwa mai yawa a makon, taɓon zai nutse, masu gajerun ƙafafu su koma wani wuri. Ba laifinka ba ne, ba kuma laifin madubinka ba.

Sai rana. Ka tsaya inda za ta kasance a bayanka. Wanda ya fuskanci rana ba zai ga launi ba, inuwa kawai zai gani tana motsi. A nan Sakumono ta yi mana gata: titin yana kudu da tafkin, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu rana tana karkata kudu, don haka mai tsayuwa ta gefen titi yana duban arewa haske na bayansa. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ka kasance a wurin da ƙarfe shida. Zuwa goma kawalwalniya ta fara rawa a kan taɓo, komai kyan madubinka sai ka ga tsuntsu yana narkewa.

Kayan da za ka ɗauka

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne jari. Nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 10x42 a jikinsa. Lambar farko tana nufin sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita, wato yawan hasken da yake sha. Kada wani mai shago ya ruɗe ka da mai 20 ko 30, hannu ba ya iya riƙe shi ba rawa. In na hannu za ka saya, ka duba wayar lantarki ko gefen gini da shi. Idan layin ya rabu biyu, gilasan sun goce, zai sa maka ciwon kai cikin minti goma, mayar masa da abinsa.

Kafin ka fita, ka daidaita shi da idonka sau ɗaya: rufe gilashin dama, juya babban abin juyawa na tsakiya har idon hagu ya ga abu tangaram, sannan rufe na hagu ka juya ƙaramin zoben da ke jikin idon dama. Shi ke nan, daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani ƙwarai a Keta da Songor inda tsuntsaye ke nesa, amma yana da tsada, kuma ba dole ba ne a shekarar farko. In ka bi masu fita rukuni, za a ba ka ka leƙa.

Sauran kayan: ƙaramin littafin rubutu da fensir, domin biro kan ƙi rubutu in takarda ta yi laima; ruwan sha; hula; tufafi masu launin ƙasa ko toka. Farar jallabiya a bakin tafki tuta ce, daga nesa za su gan ka. Takalmi kuma rufaffe. Na taɓa zuwa da silifas, na taka wani wuri da ya yi kama da busasshiyar ƙasa mai tsattsagewa, ƙafata ta nutse har ƙauri cikin baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙafar ta fito, silifas ɗin yana can har yau. Saman ne kawai yake bushewa. In ba ka ga sawun mutum ko na shanu ba, kada ka taka.

Don gane sunaye, littafin Birds of Ghana na Nik Borrow da Ron Demey shi ne wanda kowa ke riƙewa, sannan akwai manhajar Merlin a waya, kyauta. Ka sauke bayanan tsuntsayen yankin tun a gida. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, don haka in ka dawo ka hure gilashin tukuna kafin ka goge da tattausan ƙyalle, in ba haka ba yashi zai karce shi.

Gaisuwa kafin kallo

Tafkin yana da masu shi. Hukumar kula da gandun daji ta Ghana, ta sashenta na namun daji, ita ke da alhakin wuraren Ramsar, amma kafin ita akwai masunta, da masu kwasar gishiri, da sarakunan gargajiya. A wurin Gawa, wato ƙabilar Ga ta yankin Accra, tafkin Sakumo abin girmamawa ne a addininsu na gargajiya, kuma akwai lokutan da ake hana kamun kifi a cikinsa. Ba sai ka yarda da abin da suka yarda da shi ba kafin ka mutunta dokar wurin. Ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Mutum da madubi a bakin fili, a wurin da ake rigimar filaye har hukuma kan zo ta rushe gine-ginen da suka ci iyakar dausayi, ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri ko mai awon fili. Maganin wannan zargi mai sauƙi ne: miƙa wa mutum madubin ya duba da kansa. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izini. Kududdufan gishiri na kamfani ne ko na al'umma, a nemi izini a ƙofa. Kuma kada ka tafi kai kaɗai wurin da ba kowa, ku je ku biyu.

Ranar Talata masunta ba sa shiga teku a yawancin gaɓar Gawa da Fante, don haka bakin ruwa ya fi shiru. In kana da hali, rana ce mai kyau.

Yadda ake matsowa

Tsuntsun da ya taso daga Girinlan ya yi fiye da kilomita 7,000, kuma wani ma nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ɗaya ba. Guzurinsa kitsen jikinsa ne. Duk lokacin da ka tashe shi, ka sa ya kashe abin da ya tara don komawa. Saboda haka ƙa'idar ita ce ka gani ba tare da ka tayar ba.

Kada ka nufe su kai tsaye. Yi tafiya a karkace kamar mai wucewa, taku goma ka tsaya. Kada ka hau kan tudu inda jikinka zai fito a sararin sama. Bi gindin gaɓa ko jikin ciyawa. Ka lura da alamunsu: in sun daina kiwo, suka ɗaga kai, suka fara tafiya suna ba ka baya, ka kai iyaka. Tsaya nan, ko ka ja baya kaɗan, ka zauna a ƙasa. Bayan minti goma sha biyar za su manta da kai, wasu ma su matso da kansu. Babban mai tona asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa. Da ya hango ka zai cika wurin da ƙara, kowa ya shiga taitayinsa. Ba abin da za ka yi masa sai haƙuri.

Dabarar ɗaga madubi: kafa idonka a kan tsuntsun, kada ka sauke kai, ka kawo madubin zuwa idon. Wanda ya duƙa ya dubi madubi tukuna, in ya ɗago sai ya rasa inda tsuntsun yake.

Gane wane ne wane

A nan mutane ke karaya, domin a lokacin da suke wurinmu kusan duk rigar toka suke sawa. Shawarata, ka manta da launi da farko. Tambayoyi huɗu za ka yi, a jere: girmansa nawa idan aka kwatanta da na kusa da shi? Yaya bakinsa, gajere ko dogo, miƙaƙƙe, ko ya lanƙwasa ƙasa ko sama? Ƙafafunsa fa, tsawo da launi? Sannan yaya yake cin abinci? Ta ƙarshen nan ta fi duka amfani, domin hali ba ya ɓuya ko a hazo.

Fara da 'yan gida don su zama ma'auninka. Balbela da zalɓe ka san su. Kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da fito, wanda ya san fadamun Hadejiya da Nguru ya san ta. Akwai kuma wani siriri baƙi da fari mai jajayen ƙafafu dogaye kamar tsinke, kamar ya hau sanduna. Ba ya ɓata wa kowa lissafi.

Daga baƙi, biyar sun ishe ka a zuwan farko. Yawancinsu ba mu da sunansu a Hausar da muke yi yau da kullum, don haka zan ba ka siffa da sunan da za ka tarar a littafi.

Na farko mai tsere da igiyar ruwa, Sanderling. Ƙarami, fari-fari, baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu. Je bakin teku ka tsaya. Igiya tana komawa zai bi ta da gudu, ƙafafun ba sa ganuwa don sauri, ya soka baki cikin jiƙaƙƙen yashi sau biyu ko uku, sabuwar igiya tana tasowa ya juyo a guje, kumfa na bin dugadugansa amma ba ta taɓa shi. Haka zai yini. A Esiama da ke yammacin Ghana masu bincike sun daɗe suna sa wa irinsa zobba a ƙafa don gane su, kuma an taɓa ganin ɗaya a Nowe, kafin kwana biyar aka gan shi a Ghana, tafiyar kusan kilomita 6,000.

Na biyu Whimbrel: babba, ruwan ƙasa, dogon baki mai lanƙwasa ƙasa kamar lauje, da ratsi a ka. Ƙaguwa yake zaƙulowa daga rami, ya karkaɗe ƙafafunta kafin ya haɗiye. Kukansa fito ne mai maimaituwa da sauri, kusan sau bakwai.

Na uku Ringed Plover, gajeren baki, baƙar sarƙa a wuya, ƙafafu ruwan goro. Da ido yake farauta: gudu, tsayawa cak, tsinta. Duk tsuntsun da ka ga yana wannan gudu da tsayawa danginsa ne. Na huɗu Common Sandpiper, wanda ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa, kuma shi kaɗai yake yawo a bakin kwalbati da duwatsu. Na biyar Curlew Sandpiper, matsakaici, baki ya ɗan sunkuya, yana shiga ruwa har ciki yana soka baki kamar keken ɗinki. In ya tashi za ka ga fari a saman wutsiya. Shi ne mai komawa ja a Afrilu.

Sai dangin Tern, fararen nan masu siraran fikafikai da wutsiya mai reshe biyu, masu faɗowa ruwa daga sama su cafko kifi. Rarrabe su aikin shekara ta biyu ne, amma labarinsu ya kamata ka sani. Ɗaya daga cikinsu, Roseate Tern, yana ƙwai a tsibirin Rockabill na Ayalan, yana kuma cin rani a gaɓar Ghana. A da yara kan kama su da tarkon zare da ɗan kifi a bakin teku, don wasa ko don zoben ƙafarsu. Wannan ne ya jawo aikin ceton tsuntsayen gaɓa da aka fara a tsakiyar shekarun 1980, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, kuma ƙirgar da aka yi a lokacin tana cikin hujjojin da suka sa aka kare tafkunan nan.

In Allah Ya ba ka sa'a za ka ga baƙin zalɓe mai lema. Ba daga Turai yake ba, ɗan Afirka ne, amma kallonsa ya biya kuɗin mota. Yakan yi taku biyu cikin ruwa marar zurfi, ya watso fikafikansa gaba su haɗu su rufe kansa ruf, ya zama kamar baƙar lema a kife. Ƙananan kifi su taru a inuwar, shi kuwa yana ciki yana tsinta. Daƙiƙa uku, ya naɗe, ya ƙara gaba, ya sake buɗewa.

Wanda ba ka gane ba, kada ka ƙaƙaba masa suna. Zana shi ko da zanen yara ne, rubuta amsar tambayoyi huɗun nan, ka duba littafi daga baya. Mai buɗe littafi tsuntsu na gabansa yakan ɗago ya tarar ya tashi.

Ƙirga da rubutawa

A saman shafi rubuta rana, wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin ruwa da na sama. In garken bai kai ɗari ba, ƙirga ɗaya-ɗaya. In ya fi haka, ƙirga goma a gefe guda, ka riƙe girman wannan curin a idonka, sannan ka auna sauran da shi: goma, ashirin, talatin. Ga dubbai, yi curin ɗari. Yi sau biyu, in kuna biyu kowa ya yi nasa a ɓoye sannan ku kwatanta. Kusan kowa yana rage adadi ne a farko, domin na baya suna ɓuya a bayan na gaba. Fara da jimillar garken duka kafin ka shiga rarrabewa, saboda shaho ɗaya ya gifta, lissafi ya watse.

Ka riƙa duba ƙafafu. In ka ga zobba masu launi, ka samu babban abu, domin wannan tsuntsun yana da tarihi a rubuce a wani wuri. Karanta ƙafar hagu ta tsuntsun, ba taka hagun ba, daga sama zuwa ƙasa, sannan ta dama. Rubuta ko zoben yana sama da gwiwa ko ƙasa, da inda 'yar tutar roba take, da haruffan da ke kanta in akwai. Rana da gishiri kan koɗar da launi, rawaya ta koma kamar fari, don haka in kana shakka rubuta cewa kana shakka. Hoto ta cikin madubi da waya, ko ya yi dishi-dishi, ya fi abin da ka riƙe a ka. Masu sa zobban sukan mayar da amsa da jerin duk wuraren da aka taɓa ganin tsuntsun.

Lissafinka ka shigar da shi manhajar eBird don kada ya mutu a aljihu. Kowane watan Janairu ana ƙirgar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma ana bukatar hannu. Ƙungiyar Ghana Wildlife Society da ke Accra ita ce ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa, don ƙirgar da kuma kai rahoton zobe. Ranar 2 ga Fabrairu kuma ranar dausayi ce ta duniya, akan yi fita a irin waɗannan wurare.

Bayan Sakumono

In ka yi zuwa uku ko huɗu wuri ɗaya har ka san inda kowa ke tsayawa, sai ka faɗaɗa. Densu ya fi kusa, kuma gaɓar kududdufan gishirinsa hanya ce busasshiya da ke kai ka kusa ba tare da taka taɓo ba. Muni a Winneba ƙarami ne, ana gama shi da safiya ɗaya. Keta shi ne babba a duk ƙasar, ya fi ƙarfin yini guda. Ka kwana a can, ka nemi masunci ya nuna maka inda ruwa ya ja baya a makon, domin wurin yana sauyawa. In kwalekwale za ku shiga, ku daidaita kuɗi tun a tudu, ka kuma gaya masa tun farko cewa ba ka son a kusanci tsibirin da tsuntsaye ke hutawa, don shi a ganinsa taimakonka yake yi in ya kai ka tsakiyarsu.